Iyakar da Tambari Ya Ci

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai kafa mata shinge ba, ya ɗaga sama bai dasa mata ginshiƙi ba, ya ba ɗan Adam kunne biyu ya bar masa zaɓin abin da zai saurara. Ni ne Barmo ɗan Jatau, baduku jikan baduku, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya ya dawo da kunne ɗaya mai aiki. Mai son jin yadda ɗayan ya tafi ya matso ta hannun damana. Kada ya zauna ta hagu ya yi ta tambaya, daga baya ya ce na yi masa girman kai.

Ina da shekara ashirin da biyar na bar gidan ubana, ba don yunwa ba, sai don na raina gangunan garinmu. Na rantse sai na ɗaure tambarin da ba a taɓa jin irinsa ba. Ubana ya tambaye ni wa zan kaɗa wa, na ce duniya, ya ce in gaishe ta.

Shekara shida ina yawon neman sani. Na koyi jima a wurin matan Tsibirin Gawasa, waɗanda ke jeme fatar kifi har ta yi laushin alharini. Na koyi sassaƙa a Kurmin Dogaye, inda sai an yi wuni ana zagaya gindin itace ɗaya. Daga nan na ji labarin dorinar Tafkin Bagaje, mai girman tsauni, wadda ke saɓa kamar maciji sau ɗaya a shekara arba'in, fatar kuma ta nutse a ruwa ba a sake ganinta. Mafarauta sun sha kai mata mashi, ta sha mayar da matansu zawarawa.

Ni ban ɗauki mashi ba. Wata guda na yi ina kallonta, na lura kullum da hantsi takan fito ta yi susa tsakanin wasu kukoki biyu. Da fatarta ta fara kumbura, sai na tara ƙaiƙayin gero buhu talatin, na hau tudu ta inda iska ke tasowa, na yi ta sheƙa mata. Ta haukace da susa, ta kutsa tsakanin kukokin nan, ta fice ta bar rigarta a rataye. Da ta juyo neman wanda ya yi mata wannan rashin kunya, ina cikin kogon kuka ɗaya ina karanta duk abin da na iya. Wata huɗu na yi ina jeme fatar a bakin tafki. Ayarin Madugu Ɗantsoho, wani dattijo mai ƙarancin magana da fatake ke shakka, shi ya ɗora mini ita a kan raƙuma takwas. Shi ne kuma ya ce in mai sayen irin wannan kaya nake nema, to sai Birnin Zargana. Ya faɗa yana kallon gefe, ban tambaye shi dalili ba.

Abin da na fara gani a Zargana shi ne ba a magana, sai ihu. Gaisuwa ihu, ciniki ihu, in kana magana kuma su tsura wa bakinka ido kamar ka saci nama. Na ɗauka fankamar mutanen birni ce. A tsakiyar garin akwai hasumiya, a kanta tambarin sarki, ana kaɗa shi safe da yamma. Darajar mutum a garin gwargwadon kusancin gidansa da hasumiyar, manya a gindinta, talakawa can bakin ganuwa. Suna kuma da doka: duk wanda ya ce wa basarake "ba ka ji ba," a yanke masa harshe.

Sarkinsu Marzuƙu ya ga fatar, ya kusa rungume ni. Da bakinsa ya ba ni labarin abin da yake so da ita. A zamanin kakansa an yi yaƙi tsakanin Zargana da mutanen Kwarin Lamsi, aka gaji, aka yi sulhu a gaban fatake cewa ƙasar sarki ta ƙare inda ƙarar tambarinsa ta ƙare. Kowace kaka ana yin Ranar Saurare. Sarki ya kawo mutuminsa da ake kira Kunnen Sarki, wanda dole ya zama ɗan gidan da ya fi kusa da hasumiya, Lamsawa su kawo nasu, su tsaya a dutsen iyakar bara suna fuskantar juna. In an kaɗa tambari a birni, wanda ya ji ya ɗaga hannu. In duka biyun sun ji, a yi gaba cikin kwari har inda ɗaya ya daina ji, a kafa sabon dutse. In kuwa aka kaɗa sau uku ɗaya bai ji ba, a ja baya wajen birni. Sarki ya yi dariya ya ce wannan rabin dokar tun da aka yi ta ba a taɓa taɓa ta ba, domin kakansa ya mutu ya bar tambari kamar turmi, ubansa ya mai da shi kamar rumbu, shi kuma kullum ƙara shi yake yi.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ba ni kunya: ban tambayi ko su wane ne Lamsawa ba. Ni dai fata ce a gabana. Na sa aka jawo kututture daga Kurmin Dogaye, muka rarake shi, na shimfiɗa fatar, na ja ta da tsirkiya mai kaurin cinya. Ranar gwaji majiya ƙarfi huɗu suka ɗaga kulki guda suka sauke. Tulunan garin suka fashe, tantabaru suka zubo, wani abu ya yi ƙas a kunnena na hagu, jini ya biyo wuyana. Ni kuwa dariya nake yi. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka.

Ladan da aka ba ni shi ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan fada, da masu gadi biyu 'ya'yan manya. A bakin ƙofar Sarkin Fada ya tsaya ya yi musu raɗa, irin raɗar Zargana da ake ji daga kasuwa. Ya ce bana tambari zai kai har rijiyar Lamsi, ruwan daɗi na ƙarshe da ya rage wa mutanen kwari, in sun rasa ta sai su watse. Bayan Ranar Saurare kuma a sare mini manyan yatsu, kada in ɗaura wa wani sarki irinsa.

Kwana uku ina kallon yatsuna. Ran na huɗu da tsakar rana tulun ruwana ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Masu gadi suna zaune sun ba ni baya, ko motsi. Na yi gyaran murya, shiru. Na kira su, shiru. Na zagi ɗaya, na haɗa da kakansa, na ƙara da hancin Sarkin Fada, ɗayan ya yi hamma. Sai duk abin da na gani a garin ya taru ya zama abu ɗaya a kaina: ihun nan, da kallon bakin nan, da dokar yanke harshe. Shekara sittin suna kwana a gindin tambari, manyan Zargana kaf kurame ne, kuma ba mai ikon faɗa. Na ɗauki gudumar aikina da suka bar mini don raini, na rushe bangon baya ina waƙa, na fita na bi ta kasuwar awaki.

Da na so, da na yi gabas na tsira da yatsuna. Amma na yi yamma. Kwana biyu ina wuce duwatsun iyaka, daga wani baƙi ƙarami da ke nesa kaɗan da ganuwa har zuwa na bara, sittin da uku na ƙirga. Tsakaninsu kangaye ne da gonakin da suka koma saura, domin Zargana ci take yi ba ta nomawa. Bayan dutse na ƙarshe na tarar da ƙauye guda a cunkushe kamar garken da aka kora lungu, da rijiya ɗaya a ƙarƙashin tsamiya.

Wadda ke tsaya wa Lamsawa a Ranar Saurare wata tsohuwa ce, Iya Tasalla, siririya, mai kunnen da ke jin tafiyar gara a cikin azara. Shekara ashirin da biyu tana ɗaga hannu tana ba da ƙasar iyayenta. Ban ɓoye mata ko ni wane ne ba. Samari suka tashi da sanduna, ta tsayar da su da ido. Na roƙi ruwa, ta sa aka ɗebo mini na kududdufi, ta ce na rijiya ba na wanda ya zo cinye ta ba ne. Na sha, don na san na ci a yi mini fiye da haka.

Na fara ba ta shawarar da kowane ɗan duniya zai bayar: ta toshe kunnenta da kakin zuma, ko ta ji ta ƙi ɗaga hannu.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai mai fata, kakana ne ya ƙulla wannan alkawari. Sun ƙwace mana gonaki, sun ƙwace kushewun iyayenmu. In na ji na ce ban ji ba, me ya rage mana da ba su da shi?"

Raina ya ɓaci, na ga taurin kai zai kashe ƙauye guda. Sai na tambaye ta yadda take yi in ta tsaya. Ta ce rufe ido take yi, don kunne ya fi buɗewa. Na tambayi mutanen wa ke fara ɗaga hannu. Suka ce kullum Iya ce, shi Kunnen Sarki yakan ɗan jinkirta, ai manya ba sa gaggawa. Na tambaye su su kuma me suke yi in sun ji. Suka ce me za su yi, maza su sunkuyar da kai, mata su ɗora hannu a ka. Na zauna a ƙasa na yi dariya har hawaye suka zubo mini. Ba Balamshe da aka taɓa bari ya shiga birni, fatake kuma a zango suke sauka bayan ganuwa, don haka ba wanda ya sani. Shekara da shekaru kurma na tsaye a gabansu yana karanta hannun tsohuwa da wuyan jama'arta, su da kansu suke gaya masa lokacin da zai cinye su.

Na bayyana musu abin da na gano a birni. Iya Tasalla ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ita dai in ta ji za ta ɗaga hannu, amma ba inda kakanta ya yi alkawarin zai ara wa wani idonsa. Kwana tara suka rage. Na samo turmi da taɓarya, na riƙa bugawa a bayansu ba zato, ina koya wa ƙauye guda yadda ake jin tsawa a ƙi ƙiftawa. Tsofaffi sun fi ba ni wahala, don wuyansu ya saba.

Ranar Saurare ta zo. Sarki Marzuƙu ya iso a kan karagar da mutum goma sha shida ke ɗauke da ita, manyansa a baya suna ihun hira. Madugu Ɗantsoho ya zauna a tsakiya, shi ne alƙali a madadin fatake, kuma kowa ya san in aka zubar da jini a wannan rana ba ayarin da zai sake shiga Zargana. Saboda haka na tsaya a fili, sarki ya gan ni, na ɗaga masa manyan yatsuna biyu a matsayin gaisuwa.

Iya Tasalla ta je gaban Madugu ta ce bana tana so su tsaya baya da baya. Kunnen Sarki, wani ƙato mai rawani uku, ya ci gaba da fuskantar kwari yadda ya saba, ita ta zaga bayansa ta fuskanci birni. Madugu ya juya ya tambayi sarki, a hankali yadda za a ga bakinsa, ko akwai dalilin da zai hana. Na ga fuskar Sarkin Fada ta yi toka-toka. Dalili kam akwai, kowannensu ya san shi, amma wanda ya furta ya rabu da harshensa. Shi kuwa sarki ya daɗe da yarda cewa duniya ce ta rage murya, ba kunnensa ba.

Ya daka tsawa ya ce, "Ko a buhu kuka sa shi zai ji tambarin ubangijinsa. Su tsaya yadda tsohuwar ke so."

Aka ta da hayaƙi, alamar masu kiɗa su fara duk lokacin da suka ga dama. Muka jira. Can sai ga shi ya taho, aikin hannuna, ya ratso tafiyar kwana biyu ya bugi ƙirjina. Wallahi ya yi daɗi, kuma na tsane shi. Iya Tasalla ta ɗaga hannu. Kunnen Sarki ya zuba wa Lamsawa ido, Lamsawa suka zuba masa. Mutum ɗari bakwai, ba wanda ya sunkuya, ba macen da ta taɓa kanta. Wani tsoho kusa da ni jijiyar wuyansa har rawa take yi, hawaye na bin gemunsa, amma kansa na sama. Hannun ƙaton nan bai motsa ba.

Karo na biyu ma haka. Kafin na uku wata mata ta kori ƙuda daga fuskarta, sai ƙaton ya yi wuf ya ɗaga hannu, alhali ko iska ba ta kaɗa ba. Fatake suka fashe da dariya. Madugu bai yi ba, ya dai miƙe ya nuna gabas da sandarsa ya ce a ja baya.

Haka muka yi ta tafiya, dutse bayan dutse. A kowanne a tsaya, a kaɗa sau uku, tsohuwa ta ɗaga hannu, ƙato ya yi ta zufa. Lamsawa na wucewa suna kiran sunayen wurare: ga gonar wane, ga marinar su wance, ga inda aka binne uwar Iya Tasalla. Ba su yi guɗa ba, don har yanzu wuyansu na aikin ƙin sunkuyawa. Sarki ya nemi a sauya mutum, Madugu ya ce a kawo duk wanda doka ta yarda da shi. Aka gwada ƙanensa, aka gwada ɗan baffansa, duk 'yan gindin hasumiya, duk kanwar ja ce. Da la'asar ɗin kwana na uku muka iso baƙin dutsen nan na farko, ga ganuwar Zargana ana hango tsagunta. Aka kaɗa sau uku, har yanzu bai ji ba.

Samarin Lamsi suka ce a ci gaba har ƙofar fada. Ni ma abin da nake so ke nan. Iya Tasalla ta dafa dutsen, ta tako har gaban karaga, ta ɗaga kai don sarki ya ga bakinta da kyau.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ina ji, kuma zan yi ta ji har cikin zaurenka. Ƙafata ba ta gaji ba. In kana so mu ƙarasa, mu ƙarasa, gobe ka nemi izinina kafin ka shiga kasuwarka. In ba ka so, iyaka ta zauna a nan inda kakana da kakanka suka tsaya, a farke tambarin, kada a sake auna ƙasa da ƙara."

Sarki ya dubi manyansa, kowa na kallon takalminsa. Ya dubi ganuwa, inda talakawan birni, masu kunnen da ke aiki, suka hau suna kallo sun ji komai. Sannan a karo na farko na ji Bazargane ya yi magana a hankali, ya ce a farke.

Ba wuƙar da ke cin fatar dorinar Bagaje sai tawa, don haka ni aka tura, Madugu na biye da ni. Na hau hasumiya na tsaya a gaban tambarin. Shekara shida na yawo, da ƙaiƙayi buhu talatin, da kunne guda, duk suna shimfiɗe a wurin, ba tabo ko ɗaya. Na san ba zan sake yin irinsa ba, dorinar ma sai bayan shekara arba'in. Na shafa shi, na nemo inda na san ya fi tsauri, na soka. Ya yi wani dogon nishi kamar sa a hannun mahauci, ya saki. Na yi kuka, ban kuwa ɓoye wa Madugu ba.

Na bi Lamsawa muka koma kwari, don ba ni da wurin zuwa. Da muka isa gindin tsamiya, Iya Tasalla ta karɓi guga daga hannun wata jikarta, ta zura da kanta, ta jawo. Ta zo ta haguna ta tsaya, na ga bakinta ya motsa. Na juyo mata da kunnen dama na ce ta maimaita.

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu ina yi wa kurma aiki, na gama. Karɓi ka sha."

Na karɓa na sha. Har yau ban san abin da ta faɗa da farko ba, waɗanda suka ji kuma sun ƙi gaya mini, sai dai tun daga ranar yaran Lamsi ke ce mini Kawu.

Nan hikayar Barmo ɗan Jatau ta tsaya, inda dutsen ya tsaya. Wanda ya ji ya ɗaga hannu, wanda bai ji ba kada ya kalli na maƙwabcinsa.